Yatsun da Na Mayar wa Oga Boni

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta ranar Alhamis ba, ko da tsufa zai wanke min ƙwaƙwalwa tas. Ranar ce na tsaya a tsakiyar taron makoki, na sha guga, ina gyara wuyan riga ina jiran a yaba min, alhali na riga na tafka ɓarnar da har gobe ba ta gyaruwa. Abin haushin kuma, gyara ita ce sana'ata.

Ni mai gyaran hoto ne a kwamfuta. Ina da ɗan shago a Jekadafari, wanda idan mutum uku suka shigo sai na huɗu ya tsaya a waje yana leƙe. A shekarun da nake ba ku labari kaina ya kumbura ƙwarai, don kasuwa ta buɗe min. Amarya ta kawo fuska duk ƙuraje, in mayar mata da ita sumul. Ango ya zo da tumbi, in rage masa rabi. Mai sanƙo ya fita da suma, baƙi wuluk ya koma wankan tarwaɗa, har uwarsa ta tsaya tana tambaya. 'Yan takarar kansila kuwa ni ne likitansu. Har allo na sa aka rubuta min a ƙofar shago: "Babu fuskar da ta fi ƙarfinmu." (Ni na tsara kalaman da kaina, kuma na yi mako guda ina jin daɗinsu. Allah Ya yafe mana.)

Katangarmu ɗaya da gidan Oga Boni. Ibo ne, kafinta, ya zo Gombe tun kafin a haife ni, ya zauna har Hausa ta kama bakinsa kamar jakin Kano, yana gaishe da mahaifiyata Dada da Fulatanci ma idan ya ga dama. Da Kirsimeti shinkafarsu ke tsallako katanga, da babbar Salla namanmu ke tsallakawa. Teburin da kwamfutata take kai shi ya haɗa min, ya ce in na yi arziki in tuna da shi. Mutum ne baƙi, siriri, mai giɓi a gaba, kullum kansa da garin katako, har ba ka gane ina furfura ta tsaya ina ƙura ta fara. Kuma yatsunsa takwas ne. Injin yanka katako ya cinye biyu tun yana saurayi. Idan yara suka zuba wa hannun ido sai ya ce, "Na ba injin biyu, ya bar min takwas. Ai ni na ci riba."

Abu ɗaya ne ba ya so a duniya, hoto. Sau nawa na ce ya zo shago in ɗauke shi, sai ya ce, "Hoto na masu kyau ne, ɗan Dada. Ni ka ɗauki kujerun da na yi." 'Yan hotunan da suke da su na aure da na baftismar yara kuma, wata damina ruwa ya shigo layinmu har gwiwa, ya jiƙa akwatin da suke ciki, suka manne da juna suka zama kamar dafaffen kwali.

Ciwonsa bai daɗe ba. Hawan jini ne ya kayar da shi a wajen aiki, kwana huɗu a asibiti, ya cika. Mu da muka saba a yi wa mamaci sutura a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, sai muka ga nasu tsarin daban. An ajiye gawar, za a kai shi garinsu a binne a gidan ubansa. Kafin nan kuma za a yi taron addu'ar bankwana a ƙofar gida, a buga ƙatuwar fosta mai hotonsa, wadda za a kafa a wajen taron sannan a ɗaura a gaban motar da za ta kai shi.

Nan fa aka zo kaina.

'Yarsa Ngozi, wadda muka taso tare, take aikin jinya a Inugu, ita ta shigo shagon idonta jajir. Ta kwance wata 'yar takarda, ta fito da memorin wayar mahaifinta, ɗan ƙarami kamar farce.

"Ɗan Dada, wannan shi ne kaɗai hoton Papa da ya rage a duniya," ta ce. "Ni na ɗauka da wayarsa bara da na zo Kirsimeti, yana hanawa na ɗauka da ƙarfi. Tun da ya rasu Mama shi take kallo safe da yamma. Da ƙyar ta yarda na ciro memorin. Ka cire tarkacen da ke bayansa, ka ƙara masa haske, ka girmama shi yadda zai isa fosta. Shi kenan. Don Allah ka kula da shi."

Na ce, "Haba Ngozi, ni za ki koya wa aikina? Ki je ki ji da hidimar baƙi. Ranar Alhamis za ki ga abin mamaki."

Ta ce in tura mata ta gani kafin a buga. Na ce a'a, ai daɗin abin ke nan, ta gan shi tare da kowa. Da yake kanta ya ɗau zafi da takardun asibiti da neman mota, ba ta ja ba. (In da ta ja da ni na minti ɗaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.)

Da na buɗe hoton sai na yi tsaki. Ga Oga Boni a ƙofar wajen aikinsa, sanye da singileti da ta sha jiki har ta koma ruwan ƙasa. Kansa fari fat da garin katako, idonsa ja, yana dariya giɓin nan a fili, ya ɗago hannu yana kare kyamara, guntayen yatsun nan biyu suna tsakiyar hoton sosai. A bayansa ga tulin falanki da wata tsohuwar taya. Na ce a raina, yanzu mutum ya yi shekara arba'in yana wahala a Arewa, a ce da singileti za a mayar da shi garinsu? Ina! Ba a gabana ba. Wallahi a lokacin gani nake karamci zan yi masa. Ban taɓa kawo wa raina cewa raini ne ba.

Doka ta farko a sana'armu, wadda ko wanda ya fara jiya ya sani, ita ce kada ka taɓa hoton asali. Ka kwafe shi tukuna, ka ajiye na asalin a gefe, ka yi wasanka a kan kwafin. Ni da bakina na sha koya wa mutane wannan. Amma ranar zumuɗi ya ɗebe ni, na soka memorin, na buɗe hoton daga cikinsa kai tsaye, na hau aiki.

Na fara da bin gefen kansa da alƙalamin yanka, ɗigo bayan ɗigo, har na raba kan da wuyan. Ina da wata ma'ajiya a kwamfuta, cike da gangar jikin mutane marasa kai, duk mai wannan sana'a yana da irinta: mai babbar riga, mai kwat, mai rigar lauya, mai kayan kammala jami'a. Ka zaɓi jiki, ka ɗora kan mutum, an gama. Na zaɓo wani ƙosasshen jiki cikin baƙar kwat da jan laktaye, ya harɗe hannuwa a kan ciki, ga agogon zinare ga zobe. Na ɗora kan Oga Boni. Launin wuyan bai zo ɗaya ba, don mai kwat ɗin ya fi shi haske. Maimakon in rage hasken wuyan, sai na ƙara wa fuskar. Ai dama Ngozi ta ce a ƙara haske, ko?

Daga nan hannuna ya ƙi tsayawa. Na ɗauki buroshin shafe tabo na bi layukan goshinsa ɗaya bayan ɗaya, suna ɓacewa ina jin daɗi. Na share ramukan kumatu, na ciko su kaɗan. Na baƙanta gashin. Na wanke jan idon ya koma fari tas. Giɓin kuwa, haƙorin da ke kusa na kwafa na dasa a gurbin, ya zauna daram. Na sa gajimare a baya, da hasken rana yana saukowa, da fararen tantabaru biyu. Na ja kujera baya na kalli aikina, na ce wa kaina, "Kai, yaro, kai ɗin ba dama ne."

Ina cikin wannan yabon kai aka ɗauke wuta, da rana tsaka. Ɗan batirin da ke riƙe kwamfutar ya fara kuka, minti biyu yake bayarwa kafin ya mutu. Cikin sauri na haɗe aikin duka ya zama shimfiɗa ɗaya, na danna ajiyewa. Wani ɗan akwati ya fito yana tambayata wani abu. Ban karanta ba, na danna "eh". Wa yake karanta waɗannan akwatunan? Da wuta ta dawo na tsara fostar, na rubuta sunansa da shekarunsa, a can ƙasa kuma na rubuta sunan shagona da lambar wayata, da harufan da suka kusa kai na sunan mamacin girma. Fayil ɗin ya yi nauyi, filashina kuma wani ya ara bai dawo da shi ba. Sai na ce bari in zuba a memorin Oga Boni in kai wa masu bugawa. Kwamfutar ta ce babu wuri. Na share abin da ke ciki, waƙoƙin coci ne da tarkace, na cika shi maƙil da fayil ɗina. A zatona ai komai yana kwamfuta.

Ranar Alhamis bayan la'asar layinmu ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba. Ga mutanen cocinsu, matan sun yi anko, ga ƙungiyar 'yan garinsu, ga kafintoci da masu sayar da katako, rabinsu Musulmi, sun zauna a gefe ɗaya da hulunansu. Dada tana can cikin mata, kusa da matar marigayin, Maman Ngozi, wadda ta sa baƙaƙen kaya ta zauna shiru kamar ba ta wurin. Ni kuma na ɗauko shaddata ta Salla, na zo da fostar a naɗe a kafaɗa. Na ƙi ba kowa, na ce ni zan kafa da hannuna. Na hau benci, na ɗaure saman a jikin katanga, na sake ta ta warware har ƙasa. Sannan na sauko na tsaya a gefenta, na harɗe hannu, kusa da inda sunan shagona yake, don kada mai neman wanda ya yi aikin ya sha wahala.

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka kyan aikin ne ya ɗaure musu baki. (Ku ji fa. Har murmushi na yi, a gidan mutuwa.)

Wanda ya fara magana Malam Buba ne, wani dattijo mai sayar da katako, abokin Oga Boni na shekara da shekaru, wanda kunnensa ya yi nauyi, saboda haka ba ya iya magana a hankali. Ya matso da sandarsa, ya ɗaga kai, ya ƙura wa fostar ido, ya juyo ya ce da ƙarfi:

"Jama'a, wannan kuma wane ne? Faston da zai yi addu'ar ne?"

Wani ya ce masa a kunne ai Oga Boni ne.

"Boni? Wane Bonin? Subhanallahi! Shekara talatin muna cin ƙosai a faranti ɗaya, ban taɓa ganin wannan mutumin ba. Wannan ai manajan banki ne. Yaro, ungulu da kan zabo ka kawo mana?"

Wasu samari a baya suka fashe da dariya, suka tuna inda suke, suka toshe baki. Matan coci suka fara ƙus-ƙus da yarensu. Na hango Ngozi ta dafe kai da hannu biyu. Na hango Dada ta ja mayafi ta rufe fuska, kuma na san ba kukan mamaci ne ya sa ta rufe ba. Gumi ya karyo min tun daga ƙeya har gadon baya. Na fara matsawa a hankali ina son in tsaya a gaban sunan shagona in kare shi, amma harufan sun fi faɗina.

Sai Maman Ngozi ta miƙe. Ba wanda ya riƙe ta. Ta tako a hankali har gaban fostar, ta tsaya. Ba ta kalli fuskar sosai ba. Hannuwan ta kalla, waɗanda aka harɗe a kan ciki. Ta sa yatsanta a kan ledar fostar tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi. Ta gama hannu ɗaya, ta koma ɗayan. Kowa yana kallonta tana ƙirgawa, kuma kowa ya san abin da za ta samu.

Ta juyo gare ni. Ba tsawa, ba zagi. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

"Ɗana," ta ce, "a ina ka samo masa yatsu?"

Kafin in amsa, ta ci gaba:

"Ranar da injin ya cinye su, saura wata biyu aurenmu. 'Yan'uwana suka ce in fasa, wai kafinta mai guntun hannu ba zai riƙe gida ba. Da hannun nan ya gina gidan nan. Da shi ya kai yara huɗu makaranta. Kunyarsa ka ji, ɗana?"

Na ce, "Mama, wallahi gyarawa na yi."

"Dama ya lalace ne?"

Idan ƙasa tana tsagewa don kunya, da ranar Jekadafari ta samu sabon kwari. Na tsaya tsuru-tsuru, shaddar nan ta jiƙe ta manne min a baya. Ita kuwa ta share ido da bakin zaninta ta ce, "Ba komai. Yaro ne, ya ɗauka alheri yake yi. Sauke wannan. Je ka kawo min nawa, mai singiletin. Ko a 'yar takarda ne ka buga, shi za mu sa."

Na ce, "Yanzun nan, Mama. Yana kwamfuta."

Na ruga shago har takalmina yana fita. Na kunna kwamfuta, na shiga ma'ajiyar ayyukan makon. Mai kwat ne. Na duba ta hotunan da ake kawo min. Babu. Na duba kwandon shara na kwamfutar. Babu. Na soka memorin, fayil ɗin fosta ne kaɗai a ciki, ya cika shi har wuya. A lokacin ne ɗan akwatin nan na ranar da aka ɗauke wuta ya dawo min a rai, na gane tambayar da ya yi min: akwai hoto mai wannan sunan, a danne shi da sabon? Ni kuma na ce eh. Na danne na asalin da mai kwat, sannan na share memorin, sannan na zuba masa kaya a kai. Ko ɓarawon da ya yi niyya ba zai ɓatar da sawu haka ba.

Na kunna manhajar dawo da abin da aka share. Ta yi ta juyawa, ta dawo min da rabin wata waƙar coci da hoton wata kujera. Na zauna ina kallon kujerar. Daga shagon ina jiyo waƙar da suke rerawa da lasifika a ƙofar gida. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, irin kukan da rabona da shi tun rasuwar mahaifina.

Tafiyar minti biyar ce daga shago zuwa gida, amma sai da na yi kusan rabin awa. Na tarar an sauke fostar an naɗe, an tashi daga addu'a, Maman Ngozi ta koma ɗaki, Dada da Ngozi suna tare da ita. Na durƙusa a bakin ƙofa. Maman Ngozi ta miƙo hannu, tana jiran in sa mata hoton.

Na ce, "Mama, babu shi."

"Ba ka buga ba?"

"Babu shi gaba ɗaya. Na goge shi. Ban ajiye kwafi ba."

Ngozi ta yi wata ƙara, ta taso kamar za ta shaƙe ni. "Me na ce maka? Me na ce maka a shagon nan? Na ce ka kula da shi! Haske kawai na ce ka ƙara, haske!" Ta haɗa da Turanci, ta haɗa da yarensu, duk na cancanta. Dada, wadda saboda kunyar ɗan fari ko sunana ba ta kamawa, ta dube ni ta ce, "Kai wannan, garin neman gira ka rasa ido. Kuma idon ma ba naka ba." Daga nan ba ta ƙara ce min komai ba har kwana uku.

Maman Ngozi ta janye hannunta a hankali, ta ɗora a cinya. Ta ce, "To." Shi kenan abin da ta ce.

Da sassafe motar za ta tashi, babu lokacin yin wata fosta, babu ma hoton da za a yi ta da shi. Haka aka ɗaura manajan bankin nan a gaban mota, ya raka Oga Boni har garinsu, da lambar wayata a ƙasa. Ngozi ta faɗa min daga baya, lokacin da ta fara iya yi min magana, cewa dangin can da suka daɗe ba su gan shi ba sun ga kwat da agogon zinare, suka ce ashe Boniface ya yi arziki a Arewa ya ɓoye musu. Ana makoki suna jan uwarta gefe suna tambayar ina gidaje, ina motoci. Wato ban tsaya a goge mata miji ba, sai da na haɗa ta da 'yan'uwansa.

Bayan sun dawo na ce sai na gyara ɓarnata. Ai babu fuskar da ta fi ƙarfinmu. Na ɗauko mai kwat na fara komawa baya. Sai na gane wani abu da ba a koya min ba. Shafe layin goshi daƙiƙa ɗaya ne, mayar da shi kuwa sai ka san inda yake, da inda ya lanƙwasa, da zurfinsa. Ni kuma ban sani ba. Shekara ashirin da wani abu ina gaishe da mutumin nan kullum safe, ashe ban taɓa kallonsa ba. Na zana layukan da ka. Na cire haƙorin da na dasa. Na mayar da baƙin fatar, na yayyafa fari a gashi. Na sayo singileti na tsoma a ruwan shayi, na roƙi Malam Buba ya sa, ya ɗaga hannu na ɗauke shi. (Ya yarda, amma sai da ya yi min wa'azin awa guda, da ƙarfi, duk kasuwar katako tana ji.) Na ɗora kan a jikinsa, na share yatsu biyu daga hannun. Mako uku ina wannan aiki, na mayar da amare biyu saboda shi. Na buga, na sa a firam, na naɗe a jarida.

Na sami Maman Ngozi da hantsi a tsakar gida tana tsince wake. Na gaishe ta, na durƙusa, na miƙa mata. Ta goge hannu a zani, ta buɗe, ta daɗe tana kallo.

"Ka yi ƙoƙari, ɗana," ta ce. "Amma hagu ne."

Na ce, "Na'am?"

"Hannun hagu ne injin ya ci. Ka yanke masa na dama."

Na sunkuyar da kai. Na ce zan koma in juya shi, aikin minti ɗaya ne. Ta girgiza kai, ta mayar da firam ɗin cikin jaridar, ta naɗe shi da kyau kamar yadda na kawo, ta miƙo min.

"Kada ka ƙara wahalar da kanka. Tafi da shi. Ba fushi nake ba, na yafe maka tun a mota. Amma ka san abin da yake damuna? Da, idan na rufe ido ina ganinsa sarai. Yanzu idan na rufe, sai mai kwat ɗin nan ya riƙa shigowa. Kwana biyu muna tafe yana gaban mota, kwana bakwai yana kafe a ƙofar gida can garinmu. Sai na yi da gaske nake korarsa in samo mijina. Idan na rataye wannan kuma, su biyu zan riƙa kora. Ni kuma na tsufa, ɗana. Ɗan abin da ya rage min a kai, ka bar min shi."

Na karɓa. Ban san lokacin da na fito daga gidan ba.

Har yanzu ina sana'ar, don ba ni da wata. Amma yau ko hoton akuya aka kawo min sai na kwafe shi wuri uku kafin in taɓa, kuma duk ɗan akwatin da ya fito sai na karanta shi kamar takardar kotu. Idan na ga tabo a fuska, ko giɓi, ko karkataccen hanci, sai na juyo na tambayi mai shi, "Wannan a cire, ko akwai mai son sa a gida?" Amare suna min kallon mahaukaci, wasu ma sun koma wani shago, sun ce hannuna ya mutu. Ba na musu. Na dai koyi cewa kafin ka gyara mutum, ka fara tambaya ko ya lalace. Na koya da kyau, sai dai ba ni na biya kuɗin makarantar ba. Wata tsohuwa ce ta biya, tana nan bayan katangarmu, kullum tana rufe ido tana neman mijinta.